Tsuwwa a Kujerar Baya

Ni mutum ne mai saurin mantuwa, kowa a gidanmu shaida ne. Na taɓa zuwa kasuwar Azare a mota na dawo gida a kan acaɓa, sai da uwargida ta tambaye ni inda na baro motar. Amma ko da zan manta hanyar gidanmu, ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar ta tsakiyar damina a gefen titin Bulkachuwa, ranar da ilimina ya kai ni inda tarbiyyata ta daɗe tana hana ni zuwa.

Bari in fara da motar. Tsohuwa ce, na saye ta a hannun wani ma'aikacin lafiya ɗan Tafawa Balewa da aka yi wa canjin wurin aiki. Mutumin kirki ne, sai dai Allah ya jarabce shi da son kiɗa. Ya bar mini gadon amfilifaya, na'urar nan mai ƙara ƙarfin sauti, a cikin but, da wasu manyan sifiku biyu a bayan kujerar baya, irin waɗanda idan aka ƙure su gilashin mota ke rawa. Ni kuwa ba mai kiɗa ba ne, labarai kawai nake ji. Amma tare da gadon nan ya haɗa mini da wata tsuwwa, siririya mai naci, kamar an ba sauro lasifika. In na taka totur ta hau sama, in na ɗaga ƙafa ta sauko. Mai karanta labarai yana cewa an yi zama a majalisa, ita kuma tana yi masa amshi.

To, a nan ya kamata mai karatu ya san cewa Fiziks nake koyarwa a wata sakandaren gwamnati. (Na faɗi haka ne don a san zurfin ramin da zan faɗa, ba don alfahari ba.) Ina jin yadda tsuwwar ke bin totur na gane inda ta fito. Altaneta ce, wato abin da ke cajin batir idan inji na juyawa. Wutar da take bayarwa ba ta zuwa sumul, tana da ɗan kaɗawa, kuma idan wannan kaɗawar ta sami ƙofa ta shiga wayoyin sauti, sai ta fito ta sifika a matsayin waƙa. Aikina shi ne in gano ƙofar.

Na cire cajar waya, tsuwwa na nan. Na ɗaga kafet, sai na tarar da wayar wuta da wayoyin sauti kwance tare kamar tagwaye, tun daga gaba har but. Na raba su, ɗaya ta bi dama, sauran suka bi hagu. Ta ragu amma ba ta mutu ba. Daga nan na bi baƙar wayar amfilifaya, wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, na same ta maƙale a kan wani noti mai tsatsa, a saman fenti. Na sa samfefa na kankare wurin har ya yi ƙyalli, na ɗaure ta tamau. Na tayar da mota, na taka totur. Shiru.

Kada ku so ku ga yadda na fito daga but ɗin nan. Na ba da labarin a ɗakin malamai. Na mayar da shi darasi a aji. Uwargida ta ji shi har ta haddace, in na tsaya shan ruwa sai ta ci gaba daga inda na tsaya.

Yanzu sai surukina.

Alhaji Bafulatani ne, tsohon dillalin shanu, dogo, kullum cikin rawani. Haka dai aka ce mini, domin tun da na auri 'yarsa ban taɓa kallon fuskarsa ba. Wanda ya tashi a wajenmu ya san wannan ba sabon abu ba ne. Ka je gaida suruki, ka tuɓe takalmi tun daga zaure, ka durƙusa, ka zuba wa ƙasa ido. Da za a ba ni alli a ce in zana fuskar Alhaji a allo, da na faɗi jarrabawar. Amma takalmansa, wallahi har inda aka yi musu ɗinki na sani.

Ra'ayinsa a kaina kuwa ya iso gare ni ta bakin 'yarsa. Wai ya ce, "Mijin nan naki yana da kirki. Sai dai bayani." Ban taɓa sanin ko yabo ne ko ta'aziyya ba. Abin da na sani shi ne yana da wani surukin, ɗan kwangila mai ƙatuwar jif, kuma shi ke kai shi ko'ina. A daminar nan ɗan kwangila ya tare a Abuja, sai ɗaukar Alhaji ta faɗo kaina: masallacin Juma'a, da asibiti idan za a duba masa hawan jini. Na ɗauki abin a matsayin jarrabawar ƙarin girma. Na ƙudura a raina sai dattijon nan ya gane cewa malamin makaranta ma abin dogaro ne.

Tsarin zamanmu a mota shi ne, Alhaji yana baya ta dama, ni ina gaba, madubin tsakiya kuma na ɗaga shi yana kallon rufi don kada tsautsayi ya sa idanunmu su haɗu. Bayan gaisuwa babu abin da ya rage a tsakaninmu sai numfashi. A irin wannan hali rediyo rahama ne. Shi ke yin hirar da kunya ta hana mu yi.

Juma'ar farko na murɗa rediyo, mai labarai ya yi sallama, sai na ji ta. Tsiiiii. Daga baya, daidai wajen sifikar dama.

Ba irin ta da ba ce. Ba ruwanta da totur, takan zo ta tafi, wani lokaci ta yi kamar tana tambaya. Masanin kimiyya na gaskiya da ya tsaya ya ce wannan wata dabba ce daban. Ni ma na lura da hakan, sai dai maimakon in yi shakka, sai na gina mata sabon bayani mai hawa biyu.

Na kashe rediyo, jim kaɗan ta ɗauke. Na kunna, jim kaɗan ta dawo. Me ya rage? Rediyo ne mai laifi.

Washegari na shiga motar ni kaɗai da sukudireba. Na kunna komai. Shiru, sauti tas kamar a ɗakin watsa labarai. Na zagaya gari, shiru. Juma'a ta zagayo, Alhaji ya shiga, tsiiiii.

Daga nan na shiga hidima. Na sauya wayoyin sauti. Na sayo ɗan akwatin nan da ake sa wa rediyo don tace ƙara. Na sauya fulogogi, na matsar da eriya, na sake kankare wurin baƙar waya har na kusa huda motar. Na musanya sifikar dama da ta hagu don in ga ko tsuwwar za ta bi ta. Ba ta bi ta ba, tana nan a dama, wurin da ta zaɓa. Da abin ya ishe ni na haɗiye girman kai na tafi wajen Danladi mai wayarin, a bayan tasha.

Danladi ya zauna a ciki, ya taka totur, ya kara kunne a sifika, ya fito yana share hannu.

"Malam, rediyon nan ya fi na ɗakina lafiya."

"Ai ba kullum take yi ba. Sai ranar Juma'a."

Ya dube ni. "Juma'a kawai?"

"Da ranar da za mu asibiti."

Ya ɗan ja da baya. "To Malam, wannan kam ba aikin wayarin ba ne. Ni Lahadi nake zuwa coci, amma ko a wajenmu in abu ya fara zaɓen rana, ba sifana ake ɗauko masa ba."

Na tafi ina jin haushin yadda camfi ya ci ƙasar nan.

A gida ma ban sami goyon baya ba. Uwargida ba ta taɓa shiga motar tare da mu ba (ita ma tana da tata kunyar, ba za ta zauna kusa da miji a gaban mahaifinta ba), don haka ba ta taɓa jin tsuwwar ba. Da na dame ta da zancen sai ta ce, "Abban Hanifa, ka bar rediyon a kashe mana idan ka ɗauki Baba."

"Sannan mu yi me? Hira?"

Ta buɗe baki, ta rufe, ta ci gaba da tsince shinkafarta da wani irin natsuwa da ya kamata in yi wa tambaya.

Sau ɗaya na yi ƙarfin hali a hanyar asibiti, na ce wa sitiyari, "Baba, a yi haƙuri da ƙarar nan, ana kan gyara."

Daga kujerar baya aka ce, "Wace ƙara?"

Na ji ƙaunarsa ta ƙaru a raina. Ka ji dattako irin na Fulani, na ce. Abu na huda masa kunne amma ya nuna bai ji ba, don kada ya kunyata ni.

Ana haka aka sa ranar ɗaurin auren 'yar ƙaninsa a Bulkachuwa. Ƙanin ya rasu, Alhaji ne waliyyi, ba za a ɗaura ba sai ya iso. Aka aiko mini cewa ni zan kai shi. Wannan ce tafiyarmu ta farko zuwa wajen gari, kuma dangi kaf za su ga motar da ya sauko daga ciki. Na wanke ta har ƙarƙashi. Na sa shaddata ta Sallah.

Da na isa ƙofar gidansa da hantsi, sai na tarar ba shi kaɗai ba ne. Yana tare da amininsa Ba Modu, wani Babarbare mai sayar da huluna, wanda iyayensa suka zo daga Borno tun yana goye. Gajere ne, mai murya kamar yana kiran wani a hayin kogi. Shi da Alhaji sun shekara aru-aru suna zagin juna irin na wasan Fulani da Barebari, kowa na cewa ɗayan bawansa ne, kuma ba a taɓa jin wanda ya sallama ba.

Ba Modu ya faɗa gidan gaba ya ja ƙofa. "Malam, an dai wanke Bafulatanin nan kafin a loda shi? Ƙarnin nono nake ji."

"Ja mu tafi, Malam," in ji Alhaji daga baya. "Bawa in ya sami kujerar gaba sai a yi masa uzuri."

Muka fita daga Azare. Gero ya yi kore shar a dama da hagu, hadari na ɗan taruwa ta gabas. Na kunna rediyo a hankali kamar mai taɓa ƙaya.

Tsiiiiiii.

Ta ranar ta fi ta kullum. Ta yi kauri, ta sami ƙwarin gwiwa. Na daure, na cije, har muka yi nisa. Ba Modu na ta zuba, Alhaji na mayar masa, ni kuwa ji nake kamar ana zura mini allura ta kunne. Na ce a raina, yau dai ga mai hira, ba na buƙatar rediyo. Na kashe shi.

Tsiiiiiii.

Na dubi rediyon. A kashe yake, ko fitilarsa ba ta ci. Na jira ta ɗauke kamar yadda ta saba. Ba ta ɗauke ba.

Ban san lokacin da na gangara gefen titi na tsaya a ƙarƙashin wata tsamiya ba. Na kashe inji, na zare makulli, na riƙe shi a hannu ina kallo.

Tsiiiiiii.

"Lafiya, Malam?" in ji Ba Modu. "Mai ne ya ƙare?"

"Ba Modu, don Allah kana jin wannan?"

Ya karkata kai, ya saurara. "Ina jin tunkiya a can."

"A'a, tsuwwa. A cikin motar nan."

"Kai Bafulatani, kana jin tsuwwa?"

"Ba na jin komai sai surutunka."

Na fita, na buɗe bonet, na sa sifana na cire kan batir gaba ɗaya. Yanzu babu ɗigon wuta a motar nan, ko wadda za ta kunna ƙwan fitila ɗaya. Na zagayo na leƙa ta taga. Tana nan, lafiyarta ƙalau. Duk abin da na koya, duk abin da na koyar, ya tsaya a gefen titi yana kallona.

Ba Modu ya fito. Ya dubi tsamiyar, ya dube ni, muryarsa ta sauka.

"Ɗana, tun yaushe kake jin muryoyin nan?"

"Ba murya ba ce, tsuwwa ce."

"Haka take farawa."

"Ba Modu, ni malamin kimiyya ne."

"Ai su suka fi kamuwa." Ya kama kaina da hannu biyu ya fara karanto addu'a yana tofa mini a goshi. Hulata ta karkace.

Duk wannan zan iya jurewa. Abin da ya karya ni shi ne muryar Alhaji daga cikin mota. Ya kira Ba Modu ya matso taga, ya yi masa magana da abin da shi a ganinsa raɗa ce, amma ko manomin da ke cikin gero ya ji.

"Yarinyar nan ba ta taɓa faɗa mini yana da wannan lalurar ba. Tsayar mana da motar haya, mutane na jira. Shi kuma a kira gida a zo a tafi da shi."

Ka ji fa. Na fito neman ƙarin girma, ga shi ana shirin mayar da ni gida a matsayin marar lafiya. Gobe labari zai zagaye dangi cewa mijin 'yar Alhaji yana jin abubuwa a ƙarƙashin tsamiya. Ɗan kwangila zai ji a Abuja, ya ce Allah sarki.

Na ce, "Baba, a ba ni dama kaɗan. Zan nuna muku ita."

Na buɗe but na ɗauko tiyon da nake zuƙo fetur da shi. Dabara ce sananniya, kuma mai kyau ce, har gobe ina kare ta: ka kara baki ɗaya a kunnenka, ka riƙa yawo da ɗaya bakin, inda ƙara ta fi ƙarfi nan ne gidanta. Da na tsaya a nan da sauƙi. Amma malami ba ya fara gwaji sai da gabatarwa. Na tsaya a gaban dattawan nan da tiyo a hannu na ɗaga murya yadda na baya zai ji.

"Ba aljani ba ne, ba kuma ciwo ba ne. Wani ruɓaɓɓen abu ne a bayan nan, tsohon kaya wanda ya gama amfani amma ya ƙi ya yi shiru. Ya daɗe yana hana ni sakat. Yau in na kama shi, da hannuna zan tsige shi in wurga a gonar geron can."

Na buɗe ƙofar baya ta hagu, na hau kujera da gwiwoyi. Sai na rufe ido. Dalilai biyu ne: na farko, kunne ya fi aiki in ido na rufe, wannan kimiyya ce. Na biyu, ban taɓa matsowa kusa da surukina haka ba, wannan kuma tarbiyya ce. Su biyun suka haɗa kai suka kashe ni.

Na kara tiyo a sifikar hagu. Shiru. Na matsa tsakiya, ta fara tasowa. Na matsa dama, ta ƙaru. Na kai sifikar dama, abin mamaki, sai ta ɗan ragu. Na dawo da bakin tiyo gaba kaɗan, ƙasa kaɗan. Ta ƙaru sosai. Na ji ya taɓa wani abu mai laushi, na ce yadin matashin kujera ne. Na tura. Tsuwwar ta cika mini kai har haƙorana suka amsa.

"Na kama shi!" na yi ihu. "Ga tsinannen nan!"

Na buɗe ido.

Bakin tiyona yana cikin rawanin Alhaji, daidai kunnensa na hagu.

A ranar na fara ganin fuskar surukina. Fari ne, mai dogon hanci irin na 'yata Hanifa sak, da ɗan tabo a gira. Yana kallona ta gefen ido, ba fushi, ba mamaki, irin kallon da dillali ke yi wa saniyar da aka yi masa ƙaryar shekarunta. Tsakaninmu bai fi tsawon alli ba. Warin fetur na tashi daga rawaninsa.

Ban janye tiyon ba. Ina so a rubuta wannan a tarihi: hannuna ya ƙi motsi. Shi ya sa yatsa biyu ya kawar da shi, kamar mai korar ƙuda. Sannan ya zura hannu ƙarƙashin rawani ya zaro wani ɗan abu mai launin gyaɗa, bai kai ɗan yatsa ba. Ya ɗora shi a tafin hannu. Abin ya ƙara yin 'yar tsuwwa ɗaya, ta ban kwana.

Na'urar ƙara ji ce.

Ya miƙo mini. "Ga shi, Malam. Gonar ga ta can."

Na nemi ƙasa ta tsage, amma a kan kujera nake.

Ba Modu kuwa sai da ya zauna a kan kwalta. Yana dariya yana dukan cinya, hula ta faɗi, hawaye na zuba. "Inji! Ashe da inji kake ji na! Shekara nawa ina zagin batir! Wayyo cikina, Bafulatani mai eriya!"

Alhaji ya dubi bakinsa yana motsi, ya juyo gare ni. "Me bawan ke cewa?"

Ban fassara ba.

Daga baya na haɗa lissafin, kuma mai sauƙi ne har abin ya ba ni haushi. Ɗansa ne ya sayo masa na'urar a Kano, shi kuma ya ɓoye ta a ƙarƙashin rawani, musamman saboda wannan mutumin da ke birgima a kan titi. A gida yana rage mata ƙarfi. In na kunna rediyo sai ya zura hannu ya ƙara don ya ji labarai, in na kashe ya rage. Yau kuwa ya bar ta a ƙure saboda kada zagi ɗaya na Ba Modu ya wuce bai rama ba. Duk wannan zura hannun a bayana ake yin sa, ni kuwa madubina na kallon rufi.

Alhaji ya ɗaga murya irin ta wanda ba ya jin kansa. "Malam, da gaske abin nan yana ƙara?"

Na gyaɗa kai, na nuna da hannu cewa sosai.

"Kuma wancan bai ji ba?"

Na girgiza kai.

"To kurame biyu ka ɗauko. Ɗaya ne dai ya nemi magani."

Dariyar Ba Modu ta tsaya cak. "Me ya ce?"

Wannan na fassara, da ƙarfi.

Amma lokaci na tafiya, kuma matsalar ba ta kau ba. Waliyyi dole ya ji abin da wakilin ango ya faɗa kafin ya ce ya bayar. In ya tafi babu na'ura, zai zauna a gaban jama'a yana cewa "Iye?" In ya mayar da ita yadda take, zai zauna kusa da liman yana tsuwwa, kuma yanzu ya san yara da matasa duk suna ji. Na ga damuwar a fuskarsa (yanzu ai ina da izinin kallo, ko dai na ƙwata).

Ya sake miƙo ta. "Kai ne masanin ƙara. Gyara."

Na karɓa da hannu biyu. Ciwon ba wani babba ba ne. 'Yar robar da ke shiga cikin kunne ta saki, ba ta toshe ramin sosai, sai sautin da na'urar ta ƙara ya riƙa zillowa waje, ya bugi rawanin da aka naɗe tamau a kanta, ya koma mata ciki. Abin da ke faruwa ke nan a masallaci idan ladan ya matsa kusa da lasifika. Na buɗe baki zan yi wannan bayanin, na tuna halin da nake ciki, na rufe.

Na goge robar da hankicina, na danna ta ta zauna. Sai babban aikin: dole a sa ta ta shige daidai, kuma shi ba ya ganin kunnensa. Jama'a, na kama kunnen surukina. Da yatsuna. Na ɗan ja shi sama kamar yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya masu surutu, na tura robar, na sassauta naɗin rawanin ta wajen. Gumi na bin bayana, Ba Modu na tsaye a taga yana cewa, "A hankali Malam, kada ka taɓa masa tasha."

Alhaji ya murɗa. Muka saurara, wato ni na saurara. Babu komai sai tunkiyar can.

"Modu," in ji Alhaji a hankali, "faɗi wani abu."

"Bawana."

"Ta gyaru. Mu tafi."

Na koma mazaunina, na murɗa makulli. Ko tari motar ba ta yi ba. Na sake. Na fara lissafo abubuwan da ka iya jawo haka, daga fiyus har zuwa sitata.

Daga kujerar baya aka ce, "Malam. Kan batirin."

Mun isa Bulkachuwa ana ta duba hanya. Aka ɗaura aure lafiya, Alhaji ya ji komai, har ya gyara wa wakilin ango sunan amarya. Ba Modu kuwa bai bari an gama rabon goro ba. Ina zaune a gefen rumfa ina ganin labarin yana tafiya daga tabarma zuwa tabarma, kawuna na juyowa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ban zata ba shi ne, asirin Alhaji da ya tonu bai rage shi da komai ba. Dattawa suka riƙa matsowa suna tambayarsa a ina ake samu, ya zama kamar wanda ya dawo daga Hajji da sabon agogo. Ni ne dai aka riƙa nuna wa yara.

Ban bar wurin ba sai ga kiran uwargida. Labari ya riga ni isa Azare.

"Abban Hanifa, tiyo?"

"Kin sani, ko?"

"Na yi zato. Amma Baba ya sa na yi masa alkawari." Sai na ji tana ƙoƙarin danne dariya. "Na fetur ɗin?"

Na kashe wayar.

Da la'asar aka tashi. Ba Modu ya ce zai kwana, yana da sauran mutanen da bai ba labari ba. Na buɗe wa Alhaji ƙofar baya, na sunkuyar da kai ina jiran hukunci. Sai na ga takalman sun wuce ni. Ya buɗe ƙofar gaba da kansa ya zauna.

Muka hau titi. Na kai hannu wajen rediyo, ya ce, "Bar shi. Yi mini bayanin abin nan da ka ce yana sa mota kuka. Tun daga farko."

Ban taɓa jin daɗi irin na lokacin ba. Na gyara zama, na fara daga yadda inji ke juya altaneta. Ina cikin shimfiɗa, sai na ga hannunsa ta gefen ido ya tashi a hankali, ya shige ƙarƙashin rawani, ya ɗan murɗa wani abu, ya dawo kan gwiwa. Daga nan har Azare yana gyaɗa kai yana cewa "Ikon Allah," galibi a inda bai dace ba. Ni kuma ban fasa ba. Na kai bayanin har ƙarshe, da misalai.

A ƙofar gida ya sauko, ya gyara babbar riga, ya ce wa sama, "Akwai suna a Hardawa ran Asabar. Kai za ka kai ni."

Darasin da na ɗauka bai da yawa. In abu ya dame ka da ƙara, kafin ka kwance mota ka fara duba wanda ka ɗauko a ciki. In kuma dattijo ya ce ka yi masa bayani tun daga farko, ka yi, lada ne. Sai dai kada ka tambaye shi abin da ya gane.